Zanen Dutse da Sandar Ƙarfe

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN YA YI ƘASA)

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. To a shirinmu na musamman na yau, za mu ji labarin mutumin da sandar ƙarfe ta kankare masa nasa zanen cikin ƙiftawar ido.

Ranar 13 ga Satumba, 1848, ana aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a kusa da garin Cavendish da ke jihar Vermont a Amurka. Shugaban leburorin wani matashi ne ɗan shekara 25, Phineas Gage. Aikinsu fasa duwatsu: a huda dutse, a ɗura albarushi, a rufe da yashi, sannan a danƙare da sandar ƙarfe. A ranar sai ƙarfen ya gogi dutse, tartsatsi ya tashi, albarushi ya kama. Sandar nan mai tsawon fiye da mita 1 da nauyin kusan kilo 6 ta shige ta kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta ɓulla ta tsakar kai, ta je can ta faɗi.

Ikon Allah, bai mutu ba. Ba a daɗe ba ma ya buɗe baki ya yi magana, aka ɗora shi a amalanke, yana zaune har cikin gari. Likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya rubuta cewa rauni ya warke, amma mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Masu aikin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa, abokansa kuwa suka ce ai wannan ba Gage ɗinsu ba ne.

(KIƊA)

Me ya faru? Sandar ta lalata ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi. Nan ne burkin ɗan Adam yake. Idan zuciya ta ce "rama", shi ke cewa "dakata, akwai gobe". Wannan ɓangare ba ya gama nuna sai mutum ya doshi shekara 25, shi ya sa za ka ga saurayi mai kaifin basira, amma da ya hau babur sai ya manta uwarsa na jiransa a gida.

To ina batun gado? Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1979, masanin halayyar ɗan Adam Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya fara bin sawun tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, kowanne ya tashi a wani gida. Abin da ya gano shi ne, kusan rabin bambancin ɗabi'a da ke tsakanin mutane yana da alaƙa da ƙwayoyin halittar da suka gada. Rabi fa, masu sauraro. Sauran rabin yana hannun rayuwa: abin da mutum ya gani, wanda ya zauna da shi, da abin da ya same shi.

Sai kuma sinadaran jiki. Taɓa gaban wuyanka. Akwai wata 'yar tsoka a nan, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Idan aikinta ya yi yawa, sai ka ga baiwar Allah tana rama alhali tana cin abinci, zuciya na bugawa, gumi na tsatsafowa, barci ya ƙaurace, abu kaɗan ta hau faɗa. Dangi su ce ta zama masifaffiya, wasu su ce sammu ne. Alhali gwajin jini na iya nuna matsalar, kuma akwai magani.

(KIƊA)

Mu koma wajen Gage, don labarinsa bai tsaya a kan ashar ba. Bayan 'yan shekaru ya tafi ƙasar Chile, ya zama matuƙin keken doki mai ɗaukar fasinja a dogon zango tsakanin Valparaiso da Santiago. Wannan sana'a sai mai sammako, mai kula da dawaki, mai iya zama da jama'a. Ya riƙe ta shekaru. Masu nazarin tarihinsa na ganin aikin yau da gobe ne ya sake koya wa ƙwaƙwalwarsa taka burki. Ya rasu a 1860 bayan ya yi fama da farfaɗiya, kuma ƙoƙon kansa da sandar suna ajiye a makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard.

Don haka idan ɗan'uwanka ya faɗi daga babur, ya bugu a ka, ya warke amma halinsa ya juya, kada a yi saurin cewa ya lalace. A kai shi likita ya duba, a ba shi abin yi, a yi haƙuri da shi. Zanen da ƙarfe ya kankare ma, yau da gobe ta sake zana shi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)