Cocin Saint-Sulpice na Paris: Abubuwan da ya kamata ka sani

Cocin unguwa ne

Girmansa kan sa baƙo ya zaci nan ne mazaunin babban bishop. Cocin mutanen unguwa ne, ko da yake cocin Notre-Dame kaɗan ya fi shi girma. An ɗora tubalinsa a 1646, kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya shekaru da dama. Har yau hasumiyoyinsa biyu ba su yi daidai ba: ta arewa ta fi tsawo, ta kudu kuwa ba a gama sassaƙa ta ba.

Zanen Delacroix

Da ka shiga, ka juya dama. A ƙaramin ɗakin addu'a na farko akwai zanen bangon da Eugène Delacroix ya kammala a 1861, saura shekara biyu ya rasu. Bangon na da damshi, don haka sai da aka shafe shi da kakin zuma da mai kafin fenti ya zauna.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne kokawar Yakubu da mala'ika, labarin da ke cikin Littafin Farawa. Yakubu ya sunkuyar da kai, ya tura gwiwa da iyakar ƙarfinsa. Mala'ikan ya tare shi cikin natsuwa, hannunsa a kan cinyar Yakubu. Dubi ƙasa: ga malafa, ga mashi da tufafin da Yakubu ya yar kafin ya shiga kokawa. A gefe garke na wucewa cikin ƙura, ba wanda ya waiwaya. A ganina wannan bango kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Layin tagulla a ƙasa

Wani layin tagulla ya ratsa daɓen cocin, ya hau wani ginshiƙin marmara. Ma'aunin rana ne, an kammala shi a 1743. Da tsakar rana haske kan shigo ta wata 'yar kafa a tagar kudu ya sauka a kan layin, kuma wurin saukarsa na matsawa da yanayin shekara. Limamin cocin na lokacin, Languet de Gergy, ya so a gane ranar da dare da yini ke daidaita a watan Maris, don da ita ake lissafin Ista.

Ogan

Katafaren ogan ɗin cocin, wato kayan kiɗa mai bututun iska, maƙeri Cavaillé-Coll ne ya sake gina shi a 1862, makaɗi Widor kuma ya kaɗa shi sama da shekara 60. Har yanzu ana jin sa ranar Lahadi.