Hoto Ɗaya, Girma Dabam-Dabam: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Mile 3

Duk wanda ya saba da awo ya san mudun wata kasuwa ba lalle ne ya zo daidai da na wata ba. To, irin wannan matsala ce ta bi Hausawa 'yan kasuwar Mile 3, a unguwar Diobu ta birnin Fatakwal, har cikin wayoyinsu. Mai sayar da huluna yakan sa a ɗora masa hoton hajarsa a shafin intanet, amma da mai saye ya buɗe daga Anacha ko Inugu sai ya ga hular ta miƙe kamar turmi, ko ta baje kamar faifai. Idan kaya suka iso ba yadda ya gani ba, sai rigima ta tashi, amana ta lalace.

Dalili kuwa shi ne, hoto ba shi da tsayayyen girma a fuskar waya. Ɗigo-ɗigo ne ake jerawa, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowace na'ura da irin cunkoson nata ɗigon. Alal misali, wayar iPhone 4 ta 2010 tana da ɗigo 326 a inci guda, alhali ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta tsara wa masu gina shafi tana lissafa fiksel 96 ne a inci. Saboda haka dole manhajar buɗe shafi, watau burauza, ta yi nata lissafin kafin ta nuna hoton. Ita kuma Opera Mini, wadda ta karɓu ƙwarai a Nijeriya saboda tsimin data, sai ta matse hoto tukuna sannan ta aiko shi, har zanen ɗinki ya dusashe.

A 2010 wani mai tsara shafuka a Amurka, Ethan Marcotte, ya yaɗa dabarar da ta zama ruwan dare: kada a bar faɗin hoto ya wuce gurbin da aka ba shi, tsawonsa kuma ya riƙa bin faɗin. Ta haka hoto zai ƙanƙance ko ya girma ba tare da siffarsa ta karkace ba. Wajibi ne kuma mai gina shafi ya rubuta ainihin faɗi da tsawon hoton, sannan ya gwada shi a Chrome da Firefox da Opera Mini kafin ya karɓi ladansa.

Amma duk wannan siffa kaɗai yake karewa, ba ya gaya wa mai saye girman hular. Wannan aikin ɗan kasuwa ne: ya rubuta lambar hula da tsawonta a ƙarƙashin hoto, ko ya ajiye tef ɗin tela a gefenta lokacin ɗauka. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a cinikin waya sai gani ya haɗu da awo.