Ɗigon da ke Cin Bango

A unguwar Television, kudu da Kogin Kaduna, ruwan damina ake tsoro, alhali wanda ke ɗiga a ƙarƙashin hita ko bayan injin wanki yana tasa ɓarnar rani da damina.

Me ke sa hita ɗiga? Ruwa yana kumbura idan ya ji zafi. Daga digiri 20 zuwa 60 yakan ƙaru da kimanin kashi 1.5 cikin 100, wato hita mai cin lita 50 za ta sami rarar fiye da rabin lita. Ta ɗan bawul ɗin da ke jikinta rarar ke fita. Masu toshe shi ganganci suke yi, domin tankin na iya fashewa. Tiyo ya kamata a sa masa zuwa makwarari.

Shi kuwa tiyon injin wanki roba ne, yana tsufa ya tsattsage. A rufe famfonsa bayan kowane wanki, a sauya shi duk shekara 5.

In an yi sakaci, bulo zai tsotsi danshin kamar lagwani. Cikin kwana 2 funfuna kan fara tsirowa, shaƙar ƙurarta kuma tana tayar da ciwon asma. Gara ma danshi take bi.