Yanayi da Ƙananan Halittun Cikin Ƙasa a Dazuzzukan Arewacin Duniya

1. Dajin da ƙasarsa

A can ƙuryar arewacin duniya akwai wani daji wanda ya kewaye ta kamar ɗamara. Ya taso daga Norway da Sweden da Finland, ya ratsa Rasha da Siberiya har bakin tekun Fasifik, sa'an nan ya ci gaba daga Alaska, ya ƙetare Kanada zuwa bakin tekun Atlantika. Rashawa suna kiransa taiga. Fiye da rubu'in dazuzzukan duniya duka a nan ya ke. Galibin itatuwansa masu siririn ganye ne kamar allura. Sanyi ya kan riƙe wurin wata shida ko fiye, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, lokacin tsiro kuwa ba ya wuce wata uku ko huɗu a wurare da yawa.

Wanda ya tona ƙasar wannan daji zai tarar da ita hawa-hawa. A bisa akwai shimfiɗar ganye da gansakuka, sabo a sama, rubabbe a ƙasa, ba ta gauraya da turɓaya ba. Ƙarƙashinta akwai ƙasa mai launin toka, wadda ruwa ya wanke wa albarka. Saboda launin nan Rashawa suka sa mata suna podzol. Ganyen allura yana da tauri da tsami, sanyi kuma yana hana shi ruɓewa da wuri, don haka shimfiɗar ta kan taru shekara bisa shekara. A cikinta ne abincin itatuwa ya ke ajiye, a cikinta ne kuma ƙananan halittun da a ke magana su ke zaune.

A kan zaci cewa inda sanyi ya takura rai, ƙarin zafi alheri ne ga kowane mai rai. Abin da aka gani a ƙasar waɗannan dazuzzuka bai goyi bayan wannan zato ba.

2. Ma'aikatan da ke cikin shimfiɗar

A ƙasar Hausa gara ce ke cinye yawancin kara da busasshen ganye. A taiga babu gara. Tana ma, watau wadda masunta ke sa wa ƙugiya, ba ta da yawa, domin ba ta son ƙasa mai tsami. Saboda haka aikin ya koma hannun wasu halittu iri uku marasa ƙashin baya. Hausa ba ta ba kowannensu suna ba, sunayen da ke biye na siffantawa ne.

Na farko ita ce kaskar ƙasa. Ƙafarta takwas, danginta kaska da gizo-gizo, amma ba ta shan jini, galibi kuma ba ta kai milimita ɗaya ba. Na biyu su ne 'yan tsalle, masu ƙafa shida, marasa fiffike. Da yawansu suna da wata gaɓa a ƙarƙashin ciki, ɗane kamar tarko, in ta saki sai ta cilla su sama kamar ƙuma. Na uku ita ce farar tana, siririya kamar zare, tsawonta wajen santimita ɗaya. A fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi a kan sami kaskar ƙasa da 'yan tsalle dubu ɗari ko fiye, farar tana kuwa dubbai.

Ainihin ruɓar da ganye aikin fumfuna ne da bakteriya. Amma halittun nan su ne ke gutsuttsura ganyen, su kuma yi kiwon fumfunar kamar yadda awaki ke kiwon ciyawa. Abin da suka ci su kan fitar da shi kashi, ta haka naitirojin da ke ɗaure cikin ganye da fumfuna ya ke sakuwa, saiwoyi su sha. In sun ragu, wannan zagaye ya kan yi nawa.

3. Dusar ƙanƙara mayafi ce

Dusar ƙanƙara sabuwa yawancinta iska ce a tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara, iska kuwa ba ta saurin kai zafi daga wuri zuwa wuri. Saboda haka, idan kaurinta ya kai kamar rabin mita, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta kan tsaya kusa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, ko da iskar waje ta sauka digiri 30 ƙasa da sifiri. Ƙarƙashin wannan mayafi ne halittun ke cin hunturu, waɗansu ma ba su daina kiwo.

Ban da mayafin, suna da dabarun jiki. Waɗansu 'yan tsalle su kan tara sukari da makamantansa a jikinsu, ruwan jikin ya ƙi daskarewa. Waɗansu su kan bar ruwan jikinsu ya fita har su yanƙwane, in ɗumi ya dawo su sake sha su miƙe. A 2005 masana biyu na Jami'ar Queen's a Kanada, Laurie Graham da Peter Davies, suka ba da labarin wani furotin a jikin 'yan tsallen da ke yawo bisa dusar ƙanƙara, wanda ke hana ƙwayar ƙanƙara girma. Sai dai dabarun nan a hankali a ke shirya su, yayin da sanyi ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan a ƙarshen shekara. Sanyin da ya faɗo ba zato, ko narkewa da daskarewa a jere, shi ne ke yi musu ɓarna.

To, a nan ɗumamar yanayi ta shigo. Arewacin duniya ya fi sauran wurare saurin ɗumama: masanan yanayi na Finland sun nuna a 2022 cewa daga 1979 zuwa 2021 yankin Aktik ya yi ɗumi kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. A gefen kudu na dazuzzukan arewa, dusar ƙanƙara ta kan makara, ta narke da wuri, wani lokaci ruwan sama ya sauka a madadinta. Idan dare mai tsananin sanyi ya zo ya tarar da ƙasa tsirara, sai ta daskare har ciki. Watau hunturu mai sauƙi a sama yana iya zama mai tsanani a cikin ƙasa.

An gwada wannan a dajin bincike na Hubbard Brook a jihar New Hampshire ta Amurka, daji mai faɗin ganye da ke kudu da taiga. A hunturu biyu, daga 1997 zuwa 1999, aka riƙa kwashe dusar ƙanƙara da shebur daga waɗansu filaye, aka bar ta a waɗansu. Filayen da aka share sun daskare, ƙananan saiwoyi da yawa suka mutu, naitirojin kuma ya zurare tare da ruwa. Wani gwaji irinsa a wannan daji, wanda Pamela Templer da abokan aikinta suka ba da sakamakonsa a 2012, ya nuna ƙwarin cikin shimfiɗar ganye sun ragu, yawansu da ire-irensu, har da 'yan tsalle da gizo-gizo.

4. Fari

Da lokacin zafi kuwa, abin tsoro shi ne ƙarancin laima. Farar tana ta fata ta ke numfashi, dole fatar ta kasance a jiƙe. Irinta da ya fi yawa a dazuzzukan Sweden da Finland, wanda a ke kira Cognettia, galibi ta hanyar tsinkewa ya ke hayayyafa: tana guda ta rabu gida-gida, kowane yanki ya zama cikakkiya. Tun da ba safai ta ke barin ƙwai mai kwasfa ba, in fari ya kashe manya babu abin da ya rage a ajiye. Mafakarta kawai ita ce ta nutsa ƙasa inda da sauran danshi.

A Skogaby, kudu maso yammacin Sweden, an kafa rumfuna ƙarƙashin itatuwa don tare yawancin ruwan sama a watannin zafi, aka yi haka shekaru a jere. Niklas Lindberg da abokan aikinsa sun ba da labari a 2002 cewa farar tana da kaskar ƙasa da 'yan tsalle duk sun ragu a filayen da aka hana ruwa. Da aka cire rumfunan, 'yan tsalle suka riga farfaɗowa, amma bayan shekara uku ire-iren kaskar ƙasa ba su koma yadda su ke dā ba. Dalili kuwa a fili ya ke. 'Yan tsalle suna saurin hayayyafa da yawo, ita ko kaskar ƙasa ƙwanta kaɗan ne, tafiyarta nawa, wata ma ta kan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ta balaga. Idan fari ya riƙa dawowa kafin ta murmure, to, jinsunan da za su saura ba su ne na farko ba.

Fari kuma shi ke jawo gobara. A 2023 wuta ta ci hekta wajen miliyan 15 a Kanada. Wutar da ta sami shimfiɗa a bushe ta kan cinye ta har turɓaya, gida da mazaunansa gaba ɗaya.

5. Baƙuwa daga Turai

Hanya ta uku ta shafi wanda yanayi ya bari ya shigo. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, tulin ƙanƙara ya rufe kusan dukan Kanada da arewacin Amurka, ya kawar da tanar da ke wurin. Fiye da shekara 10,000 ke nan da ya janye, amma tana ba ta dawo ba, domin da ƙafar kanta ba ta ci gaba fiye da mita 5 zuwa 10 a shekara. Ko da an ba ta mita 10, shekara 10,000 ba za su kai ta fiye da kilomita 100 ba. Ta haka dazuzzukan suka girma babu ita.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka su suka kawo ire-iren tana na Turai, cikin ƙasar da ke jikin saiwar dashe da wadda a ke danne jirgin ruwa da ita. Daga baya masu kamun kifi suka watsa ta, suna zubar da ragowar abin ƙugiya a bakin tabki, tayoyin motoci kuma suna ɗaukar ƙwanta cikin taɓo. Manomi ya san tana da gyaran ƙasa, Charles Darwin ma ya rubuta littafi sukutum a 1881 bisa aikinta. Amma a dazuzzukan jihar Minnesota an ga ta cinye shimfiɗar ganye cikin 'yan shekaru, ta gauraya ta da turɓaya, ƙasa ta zama fili. Kaskar ƙasa da 'yan tsalle suka rasa mazauni, ƙananan tsire-tsire da 'ya'yan itatuwa suka ragu.

Sanyi da tsamin ƙasa suna cikin abubuwan da ke tare ta daga taiga. Duk da haka wata ƙarama mai suna Dendrobaena octaedra, wadda ƙwanta ke jure daskarewa, ta riga ta shiga dajin lardin Alberta na Kanada, an fi samunta kusa da tsofaffin hanyoyi. Gwargwadon yadda lokacin ɗumi ya ƙara tsawo, gwargwadon yadda manyan ire-iren za su sami damar bin sawunta.

6. Abin da ke tattare da wannan

Ƙasar dazuzzukan arewa tana cikin manyan rumbunan kabon na duniya, mafi yawan kabon ɗin dajin kuwa a ƙasa ya ke, ba a jikin itatuwa ba. Jinkirin ruɓewa ne ya tara shi. Inda ɗumi ya zo tare da laima, farar tana da 'yan uwanta su kan ƙaru, ruɓewa ta yi sauri, itatuwa su sami abinci, amma iskar kabon ta ƙara fita sama. Inda ya zo tare da fari, ko ya yaye dusar ƙanƙara, su kan ragu, abincin itatuwa ya tsaya ko ya zurare.

Saboda haka malamin da ke koyar da wannan fanni bai kamata ya tsaya ga ma'aunin zafin iska kaɗai ba. Kafin a faɗi abin da ɗumama za ta yi wa ƙasar wani daji, sai an san kaurin dusar ƙanƙarar da ke rufe ta da hunturu, da yawan laimar da ke cikin shimfiɗarta da lokacin zafi, da kuma ko tana ta riga ta isa wurin.