3.2 Igiyoyin Nauyi a Matsayin Hujjar Ra'in Kumburi

A sashen da ya gabata an kawo ra'in kumburi, wanda Alan Guth ya wallafa a shekarar 1981. Ra'in yana cewa jim kaɗan bayan samuwar sararin samaniya, ya yi wata irin buɗewa mai tsananin sauri a ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A nan kuma za a duba hujjar da masana suke nema domin tabbatar da shi.

Tun a shekarar 1916 Albert Einstein ya yi hasashen igiyoyin nauyi, wato girgizar da ke miƙar da sarari ta kuma tsuke shi yayin da take ratsawa da saurin haske. A 1979 Alexei Starobinsky na Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa buɗewa irin ta kumburi dole ta haifar da su. Ana sa ran sun bar sawu a jikin tsohon hasken da ya fara yaɗuwa kimanin shekaru 380,000 bayan farkon samaniya. Sawun nan wani murɗaɗɗen zane ne mai kama da juyin guguwa, wanda cunkoson abubuwa kaɗai ba ya haifarwa kai tsaye.

A watan Maris na 2014 masanan da ke aiki da na'urar hangen nesa ta BICEP2 a ƙuryar kudancin duniya suka sanar da cewa sun ga wannan zane. Sai dai a 2015, da aka haɗa sakamakonsu da na tauraron ɗan'adam na Planck, sai ta bayyana cewa ƙurar da ke cikin rukunin taurarinmu ta isa ta samar da abin da suka gani. Igiyoyin da na'urar LIGO ta kama a Amurka a watan Satumba na 2015 kuwa, daga karon baƙaƙen ramuka biyu suka fito.

Bugu da ƙari, awon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa ƙarfin igiyoyin farkon, idan aka gwada shi da na bambancin cunkoson abubuwa, bai kai 0.036 ba. Wannan ya kawar da wasu sassauƙan nau'o'in ra'in. Ke nan, za a iya cewa ra'in kumburi bai faɗi ba, amma babbar hujjarsa ba ta zo hannu ba tukuna.