Hoto Ya Fito Dishi-Dishi: Laifin Kyamara Ne Ko Na Mai Riƙe Da Ita?

A ɗan allon da ke bayan kyamara, wanda yawanci bai wuce inci 3 ba, kusan kowane hoto kyau yake yi. Sai an koma gida an juye hotunan biki a kwamfuta sannan asiri yake tonuwa: fuskar amarya ta yi hazo-hazo, furannin da aka ƙawata bango da su a bayanta kuwa sun fito tar. Nan da nan mai hoto zai ce kyamarar ta tsufa, ko kuma an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Hoton da ya lalace shi ne mai faɗin abin da ya lalata shi, in an iya duba shi.

Dubawar ba ta da wuya. A buɗe hoton a babban allo, a zuƙo shi har cikakken girmansa, a bi shi lungu-lungu ana neman wuri ɗaya da ya fito sarai. In an samu, ko da kunnen ango ne ko kujerar da ke baya, to gilashin kyamara ya yi aikinsa, saiti ne ya faɗa inda ba a so. In babu ko'ina, kuma gefen kowane abu ya ja zuwa ɓangare guda kamar an goga shi, hannu ne ya girgiza. In bango da kujeru sun tsaya cak, mai rawa kaɗai ya narke, motsinsa ne ya fi ƙarfin kyamara. In kuwa fari-fari ya lulluɓe hoton, fitilu sun yi wutsiya, datti ne a gilashi. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar dijital kuma yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF, inda kyamara ke rubuta saurin ɗauka, faɗin ƙofar haske da lambar ISO. Wanda bai leƙa nan ba, kame-kame kawai yake yi.

Girgizar hannu ta fi kowace matsala cin hotuna, musamman a ɗakunan taro masu fitilu kala-kala da ba su da ƙarfi. A cikin kyamara akwai labule da ke buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. Idan wuri ya yi duhu kuma an bar kyamara ta zaɓar wa kanta, sai ta jinkirta rufewar, ta kai 1/15 na daƙiƙa ko ma ƙasa. Ido ba ya ganin wannan ɗan lokacin, amma ya ishi hannu ya motsa, sakamakon kuwa kamar rubutun wanda ke zaune a bayan a-daidaita-sahu ne. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin ɗauka ya gaza lambar tsawon gilashi: mai milimita 50 yana son 1/50 zuwa sama, mai milimita 200 yana son 1/200. Kyamarori masu ƙaramar sensa, irin Canon 600D da Nikon D3200, suna buƙatar ƙari, domin ana ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon.

Abin da ke hana mutane ƙara sauri shi ne tsoron ISO, wanda a duhu sai an ɗaga shi kafin a samu saurin. An koya musu cewa ɗaga shi yana sa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, sai su kafe a 100 ko 200 har cikin dare. Wannan asara ce. Hoton da aka ɗauka a 1600 ko 3200 yana iya yin ɗan ƙura, wanda manhaja za ta rage, amma fuskar da girgiza ta ja ta tafi ke nan. Riƙo ma yana da nasa rabo: gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, tafin hagu a ƙarƙashin gilashi, a danna maɓalli a hankali ba a soke shi ba.

Akwai gilasai masu na'urar rage girgiza. Canon ta fitar da na farko na kyamarorinta masu canjin gilashi a 1995, mai milimita 75 zuwa 300, tana kiran fasahar IS, Nikon kuma tana kiran tata VR. Suna taimakawa ƙwarai, sai dai hannun mai ɗauka kawai suke gyarawa. Ba ruwansu da dokin da ya taho a sukwane ranar Hawan Daushe a Kano. Shi wannan sai 1/1000 ko fiye. Mai rawa yana son kamar 1/250 zuwa 1/500. Sannan dole a sauya salon saiti zuwa mai bin abu yana tafiya, wato AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. In an bar shi a One Shot ko AF-S, kyamara za ta kulle a inda dokin yake ɗazu, shi kuwa tuni ya matso.

Saitin da kyamara ke yi da kanta ya daɗe. Konica C35 AF ta fito da shi kasuwa a 1977, Minolta 7000 ta shigar da shi cikin jikin manyan kyamarori a 1985. Duk da shekarun nan, asalin dabarar bai sauya sosai ba: kyamara bambancin haske da duhu take nema. Farar shadda da ba ta da aiki, ko bango sumul, ko duhu, duk suna sa gilashi ya yi ta kai da kawowa. Haka nan in an sakar mata zaɓi, takan kama abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli, kamar duwatsun rigar amarya ko lasifikar da mai gabatarwa ya riƙe a gaban bakinsa. Maganin shi ne a zaɓi ɗigon saiti guda, a ɗora shi a kan idon da ya fi kusa. Sababbin kyamarori marasa madubi suna gane ido da kansu, amma a cikin taro sai an nuna musu idon wa ake nufi.

Wata matsalar yayi ne ya kawo ta. Kowa yanzu yana son hoton da baya ya narke, don haka ake buɗe ƙofar haske har ƙarshe. Amma gilashin milimita 50 a f/1.8, a kan kyamara mai cikakkiyar sensa, daga nisan mita 2, zurfin da zai fito sarai bai wuce santimita 17 ba. Wannan ya ishi mutum ɗaya. Ƙawayen amarya da suka jeru layi uku cikin anko kuwa, na gaba ne kaɗai za su fito, sauran su yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Hoton taro yana son f/5.6 ko f/8. Kada kuma a zarce: a f/16 zuwa f/22 ramin yana ƙanƙancewa har haske ya fara bazuwa a gefensa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi.

Wani lokaci laifin na kyamarar ne da gaske. A DSLR, wato kyamara mai madubi, na'urar auna saiti daban take da sensar ɗaukar hoto, kuma in suka saɓa ko da kaɗan, saiti zai riƙa faɗawa gaba ko bayan abin da aka nufa, kullum ta gefe guda. Gwajinsa a gida ake yi: a kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, a jingina rula a karkace kusa da kwali mai rubutu, a ɗauka sau da yawa ta ramin leƙe, sannan a sake ta allon baya. In na allon baya ya fito daidai, na ramin leƙe kuma yana kuskure iri ɗaya, an kama ɓarawon. Nikon tana da AF Fine Tune, Canon tana da AF Microadjustment don gyara wannan, amma ƙananan samfura da yawa ba su da shi, sai an kai wa mai gyara.

Kafin a kai ga haka, a duba ƙananan abubuwa. Maɓallin AF/MF da ke jikin gilashi yakan goce a cikin jaka. Ɗan kewayen da ke gefen ramin leƙe, wanda ake daidaitawa da ƙarfin idon mai ɗauka, in ya juya sai komai ya yi dishi-dishi a ido alhali hoton lafiya lau. Kowane gilashi kuma yana da iyakar kusanci. Mai milimita 50 na Nikon, f/1.8G, ba ya saiti ƙasa da santimita 45, don haka matsawa kan lallen amarya fiye da haka ɓata lokaci ne.

Yanayi ma yana sa hannu. Da hunturu ƙura takan kwanta a gilashi, mutum ya kai bakin riga ya goge, yashin ya karce shi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a share da ƙyalle mai laushi na musamman. Da damina, fitowa daga mota mai sanyin AC zuwa waje yana sa gilashi ya yi raɓa, sai an ba shi mintuna ya bushe, ajiye shi cikin jaka mai danshi kuwa yana haifar da fumfuna a ciki. Masu waya kuma, yawancin hazon hotunansu man shafawa ne da yatsa ya bari.

Akwai kuma hoton da ya bar kyamara garau, ya lalace a hanya. WhatsApp yana matse hoto don rage cin data, wanda aka tura wa ya ɗauki hoton allo ya sake turawa, har ya isa wurin mai wankin hoto a ce a buga shi babba. A 2023 manhajar ta ƙara zaɓin HD, wanda ya rage ɓarnar amma bai kawar da matsewar ba. Hoton da za a wanke a sa a firam, a tura shi a matsayin fayil, ko a kai shi a kan katin kyamara.