CUTAR HAUKAN KARE: ALLURAR RIGA-KAFI, GWAJIN JINI DA KILLACE SABON KARE

Gabatarwa

Manoman Sheda da ƙauyukan Kwali da ke kewaye da ita suna zaune ne a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, inda mutane da dabbobi ke kai da komo dare da rana. Mafarauta na zuwa da karnukansu da rani, makiyaya na wucewa da nasu, masu gidajen gona kuma na sayo karnukan gadi daga birane, wasu har daga ƙasashen waje. Duk karen da ba a san tarihinsa ba yana iya shigo da cutar haukan kare. Wannan bayani zai nuna maka dalilin killace sabon kare, da yadda allura da gwajin jini ke rage kwanakin killacewa a iyakokin ƙasashe, da kuma yadda za ka bi wannan ƙa'ida a gonarka.

Yadda cutar take

Ƙwayar bairos ce ke haddasa cutar, kuma tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Takan shiga jiki ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar rauni. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Tana kama kare, kyanwa, saniya, doki, jaki, tumaki, awaki da mutum. Da zarar alamunta sun bayyana, babu magani, mutuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Me ya sa ake killace kare?

Dalili shi ne cutar tana daɗewa a ɓoye. Karen da mahaukacin kare ya ciza zai iya yin makonni ko watanni yana cin abinci, yana wasa da yara, ba tare da wata alama ba. A wannan lokaci babu wani gwajin da za a dogara da shi a ce yana ɗauke da cutar ko ba ya ɗauke da ita. Saboda haka dokokin lafiyar dabbobi na duniya suka ɗauki wata shida a matsayin tsawon lokacin ɓuyar cutar. A kan wannan ne Ingila ta yi shekaru masu yawa tana tsare karnukan da aka shigo da su har wata shida a keji. A farkon shekarar 2012 ta daina wannan ga karnukan ƙasashe irin tamu, ta koma ga allura, gwajin jini da jira a gida.

Matakan da ke rage killacewa

Matakan guda huɗu ne, kuma a jere suke. Wanda ya tsallake ɗaya, ko ya sauya jerinsu, zai sake daga farko.

1. Shaidar dabba. Likita zai sa wa kare wata ƙaramar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambarsa. Ana yin wannan kafin allura, domin a tabbatar karen da aka yi wa allura shi ne wanda ke cikin takarda.
2. Allurar riga-kafi. Ana yin ta farko idan ɗan kwikwiyo ya kai wata uku. Garkuwar jiki ba ta samuwa nan take. Ƙasashen Turai suna lissafa kwana 21 bayan allurar farko, Amurka kuma kwana 28.
3. Gwajin jini. Bayan aƙalla kwana 30 da yin allura, likita zai ɗebi jini ya aika ɗakin gwajin da ƙasar da za a shiga ta amince da shi. Ana auna yawan garkuwar da jiki ya haɗa. Ana buƙatar sakamakon ya kai 0.5 na ma'aunin duniya a kowace mililita. Idan bai kai ba, sai a sake allura, a sake gwaji.
4. Jira. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai suna buƙatar a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jini kafin karen da ya fito daga Nijeriya ya shiga. Japan tana buƙatar kwana 180. A dokar da Amurka ta fara aiki da ita ranar 1 ga Agusta, 2024, dole kare ya kai wata shida, kuma wanda aka yi wa allura a ƙasa mai haɗarin cutar, irin Nijeriya, idan ba shi da sakamakon gwajin jini, za a killace shi kwana 28 da kuɗin mai shi.

Abin da gwajin jini ba ya nunawa

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, don haka malamin gona ya riƙe wannan da kyau. Gwajin jini shaida ce kawai cewa allura ta kama. Ba shaida ba ce cewa kare ba ya ɗauke da cutar. Idan an riga an cije shi kafin a yi masa allura, jininsa zai iya nuna garkuwa mai kyau alhali ƙwayar cutar tana tafiya a jijiyarsa. Wannan ne amfanin jira: a bai wa ɓoyayyiyar cuta lokacin da za ta bayyana kafin kare ya ƙetare iyaka. Ke nan ba a soke killacewa ba, an dai mayar da ita gidan mai kare ne maimakon keji.

Gwajin da ke tabbatar da cutar kanta a ƙwaƙwalwa ake yinsa, bayan dabba ta mutu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan gwaji, kuma tana haɗa allurar riga-kafin karnuka.

Shigo da kare ko kyanwa Nijeriya

Kafin dabbar ta taso, a nemi takardar izinin shigowa daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya. A haɗa da takardar lafiya daga likitan gwamnatin ƙasar da ta fito, da shaidar allura wadda wa'adinta bai ƙare ba. Jami'an Hukumar NAQS mai kula da killace dabbobi da tsirrai ne ke duba takardu da dabbar a filayen jiragen sama, irin na Nnamdi Azikiwe a Abuja, da tashoshin ruwa da iyakokin ƙasa. Idan takardu ba su cika ba, suna da ikon tsare dabbar ko mayar da ita. Ƙa'idoji kan sauya, saboda haka a tuntuɓi likitan dabbobi watanni kafin tafiya.

Yadda za ka bi ƙa'idar a gonarka

Yawancin karnukan da ke shigowa ƙauyukanmu ba ta filin jirgi suke bi ba. A kasuwa ake sayo su, ko kyauta ce daga aboki, ko kuma su biyo mafarauta. A nan kai ne jami'in iyaka.

- Kada ka karɓi kare sai ka ga katin allurarsa mai kwanan wata da sa hannun likita.
- Idan babu kati, kai shi a yi masa allura nan da nan. Ɗaure shi nesa da yara, da garke, da sauran karnuka har aƙalla wata ɗaya, sannan ka ci gaba da sa masa ido har wata shida.
- Kada ka sayi kare mai sabon raunin cizo, komai arharsa.
- A sabunta allura kowace shekara. Maganin allurar yana lalacewa da zafi, don haka kada a amince da wanda ba a fito da shi daga firiji ko akwatin ƙanƙara ba.
- Idan an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, yaɗuwar cutar takan yanke. Malaman gona su haɗa kai da masu unguwanni, sarkin mafarauta da arɗoɗi wajen fito da karnuka ranar riga-kafi, musamman 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Alamun da za a lura da su

Kare mai fara'a ya koma ɓuya, ko mai sanyin hali ya koma cizon duk abin da ya gani, har itace da dutse. Muryarsa takan sauya, yawu ya riƙa dalala, muƙamuƙi ya saki, daga bisani ƙafafun baya su shanye. Wani ba ya yin faɗa ko kaɗan, shanyewar kawai za a gani. Saniya takan yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, tana dalalar yawu kamar ƙashi ya maƙale mata. Kada ka sa hannu a bakinta, kuma kada a yanka ta don ci ko sayarwa.

Idan kare ya ciji mutum

A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don allurar bayan cizo. Kada a tsaya maganin gida, kuma kada a jira a ga abin da zai sami karen kafin a fara allura. A ɗaure karen kwana 10 ƙarƙashin kulawar likita. Idan ya mutu, ko ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kansa. A kira likitan dabbobi na Ƙaramar Hukumar Kwali, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, domin a aika kan cikin ƙanƙara a gwada.

Kammalawa

Kuɗin allurar kare ɗaya bai kai kuɗin alluran mutum ɗaya da aka ciza ba, balle asarar saniya ko ta rai. Riga-kafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa.